Takardar bakin ƙofa ta fi sunan mota muhimmanci

Duk wanda ya taso a Agadas kamar ni ya taso da imanin cewa Hilux ba ta ƙin kaya. Na sha ganin ana loda mata buhunan gero da jarkokin ruwa, sannan mutum ashirin ko fiye su hau bisa, kowa ya riƙe sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa, ta nufi Dirku a haka. Da wannan tunani na shiga neman a-kori-kura a jihar Yuta ta Amurka, inda nake zaune, domin in ɗora mata ɗakin tafi-da-gidanka mai gado da murhu da tankin ruwa, in riƙa shiga daji da iyalina lokacin hutu.

A nan ba a sayar da Hilux, kuma harajin kashi 25 cikin ɗari da Amurka ke ɗora wa irin waɗannan motoci na waje tun 1964 yana cikin dalilai. Toyota Tacoma ce a madadinta, ita kuwa raina ya kwanta da ita, har sai da wani dattijo maƙwabcina ya buɗe ƙofar direba, ya sa yatsa a kan wata ƴar takarda mai ruwan ɗorawa da ke manne a jikin ginshiƙi. Nauyin da aka yarda motar ta ɗauka ke rubuce a wurin, kuma na wadda muka duba bai kai kilo 550 ba. Ɗakin da nake so, mai rufin da ake ɗagawa idan an yi zango, ya kusa kilo 450 ba a zuba masa komai ba. Idan aka haɗa da ni da uwargida da yara biyu, da ruwan sha wanda kowace litarsa kilo guda ce, tuni an wuce gona da iri.

Da farko na ɗauki abin a matsayin tsoron banza na Turawa, amma daga baya na gane cewa ba ƙarfin ƙarfe kaɗai ke fitar da direbobinmu daga hamadar Tenere ba. Ayari suke tafiya, an ƙara wa motar sifirin, kuma kowane direba rabin bakanike ne. A nan mutum shi kaɗai yake shiga hanya irin White Rim ta cikin dajin Yuta, wadda ta kai kilomita 160 ba gidan mai, ba rijiya, sau da yawa ba sabis na waya, kuma kuɗin janyo mota daga can yakan haura dala 1,000. Kafin ma ya isa dajin sai ya bi babban titin da ake gudun kilomita 130 a awa, ya gangara duwatsu da birkin da ba a ƙera shi don wannan lodi ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne a fara zaɓar ɗakin, a haɗa nauyinsa da na mutane da guzuri, sannan a nemo motar da za ta goya shi. Sai dai ban bi Amurkawa a son girma ba. A-kori-kura mai tayoyi huɗu a baya tana da faɗin da ƙunƙuntar hanya ba ta ɗauka, duwatsu kuma suna maƙalewa tsakanin tayoyinta. Injin dizal, wanda a gida muke ganin babu kamarsa, ya fi na fetur nauyi da wajen kilo 300, kuma a yawancin motocin daga kason kaya ake cire wannan nauyin.

Ford F-250 mai fetur na saya a ƙarshe, ta hannu. Ranar tafiyarmu ta farko na hau da ita ma'aunin manyan motoci, kowa yana zaune a ciki, tanki cike, ma'auni ya nuna akwai sauran wuri. Nan take uwargida ta ce in juya gida mu ɗauko turmin da na hana ta sakawa.