Gwajin takarda kaɗai ba ya isa wajen gano mai mantuwa da ɓangaren hagu

In mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki ko ya bugu a kai, hankalin kowa na kan hannu da ƙafa, ya motsa ko bai motsa ba. Amma akwai wata matsala da ba a cika dubawa ba, mutum idonsa ƙalau yana gani, sai dai ƙwaƙwalwar ta daina kula da duk abin da ke gefe guda, yawanci hagu, saboda ɓangarenta na dama ne ya taɓu. A ajiye mai abinci ya cinye na dama tas ya ce ya gama, na hagu ko taɓawa bai yi ba. Ya aske rabin gemu ya ajiye reza.

Kuma shi fa sau da yawa bai ma san yana yi ba, to ta yaya zai faɗa wa likita? Dole sai an nemi abin da gangan.

Gwaje-gwaje akwai su. A ja layi a ce ya nuna tsakiya sai ya sa alama can dama, a ce ya zana agogo ya cunkushe lambobin duka a gefe ɗaya, ga na Albert tun 1973 inda ake soke gajerun layuka a takarda. Suna da amfani sosai, amma ni gaskiya ban yarda a tsaya nan ba. A ɗaki shiru ba hayaniya, takarda na gabansa, mutum zai iya dagewa ya ci gwajin, yana fita ya yi karo da ƙofa da kafaɗar hagu, don takarda abin da hannu ke kaiwa kawai take aunawa, ba jikinsa ba, ba abin da ke nesa ba. A 1978 wasu masu bincike, Bisiach da Luzzatti, sun sa masu wannan matsalar su tuno dandalin babban cocin birnin Milan na Italiya, ko a tunanin ma gine-ginen hagu suka tsallake.

Shi ya sa na fi gamsuwa da ma'aunin Catherine Bergego da aka samar a Faransa, abubuwa 10 yake dubawa a rayuwar yau da kullum, sa kaya, cin abinci, goge baki, tafiya, neman kayansa. Eh yana cin lokaci kuma ma'aikata sun yi kaɗan, amma sallamar mutumin da ba ya lura da motar da ke tahowa ta hagunsa fa? Ko ba komai a tambayi mai jinya, ita ce ke juya mai faranti kullum.