Wa'azin ƙarshen duniya a Dalas da kuma wanda na baro a Katsina

Ana saura mako guda husufin rana na 8 ga Afrilu, 2024, na dawo daga aiki na tarar an rataya mini wata takarda a hannun ƙofar gidan da nake haya a birnin Dalas na jihar Tekzas, a Amurka. Takarda ce mai sheƙi, da hoton rana ta yi baƙi ƙirin a saman dogayen gine-gine, a ƙasa kuma an jera tambayoyi: shin barci yana ƙaurace maka, shin labarun duniya suna tayar maka da hankali, shin kana son sanin inda duk wannan zai ƙare? A bayanta an gayyaci mai karatu zuwa taron dare huɗu a kan annabcin Littafi Mai Tsarki, tare da alkawarin abincin dare kyauta da masu kula da yara. Na halarci dare biyu daga ciki, kuma tun daga lokacin nake auna abin da na ji da abin da na tashi a cikinsa.

Ni Bahaushe ne Kirista, haifaffen Katsina. Kakana ya karɓi bishara ne a Babbar Ruga, inda 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka riƙe asibitin kutare tun shekarun 1930, kuma abin da ya riƙa faɗa mana har ya bar duniya shi ne, ba da tsoron wuta aka jawo shi ba, wata ma'aikaciya ce ta yi shekaru tana wanke masa gyambo ba ta taɓa yamutsa fuska ba. A majami'armu ta Hausa mun yarda da zuwan Yesu na biyu, muna rera shi a waƙa, Zumuntar Mata ma suna kaɗa shi da tulu da caki. Saboda haka ba baƙon abu na je saurare a Dalas ba. Abin da ya zame mini baƙo shi ne yadda aka shirya shi.

Mai wa'azin bai fara da aya ba. Ya fara da nuna kanun labarai a babban allo: yaƙin Gaza, yaƙin Rasha da Yukiren, tsadar kaya, na'urori masu ƙwaƙwalwa da ake tsoron za su raba mutane da ayyukansu. Sai da ya ga ɗakin ya yi tsit, sannan ya buɗe Linjilar Matiyu sura 24, inda aka ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa, ya shiga ɗora kowane labari a kan aya kamar mai jera kwanuka a ɗakin amarya. Daga nan ya zana jadawali: fyaucewar masu bi, wato ɗauke su zuwa sama farat ɗaya, shekara bakwai na babban tsanani, bayyanar magabcin Almasihu, yaƙin ƙarshe, sai mulkin shekara dubu. Da aka tashi aka raba kati, kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da abin da ke damunsa.

Wannan jadawali yana da tarihi, ba daga sama ya faɗo ba. Wani malamin Kirista na ƙarni na 19, John Nelson Darby, shi ne ya tsara fahimtar da ta raba tarihi zamani zamani ta kuma sa fyaucewa kafin tsananin, sai Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da ya fito a 1909 ya shigar da ita gidajen Amurkawa. Da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, masu wannan fahimta suka ɗauka agogon annabci ya fara bugawa, shi ya sa har yau duk abin da ya motsa a Gabas ta Tsakiya sai ya hau mumbari a Tekzas kafin Lahadi ta zagayo. Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce, domin binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2022 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na manyan Amurkawa sun yarda ana cikin kwanakin ƙarshe, a tsakanin Kiristoci masu ra'ayin bishara kuwa adadin ya kai kashi 63.

Dole in faɗi abin da suka fi mu da shi, don kada a ce na zo ƙasar mutane ina cin tuwonsu ina zagin murhu. Sun iya kiran damuwa da sunanta. Mutumin ƙasar nan yana da mota da firji cike da abinci, amma sai ya yi mako bai ji wanda ya tambaye shi yadda ya kwana ba, har ta kai a 2023 babban jami'in lafiya na ƙasar ya fitar da gargaɗi a kan kaɗaici, ya kira shi annoba. Dattijuwar da ta zauna kusa da ni a dare na biyu ta ce mini mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu jihohi, kuma ba dabbar ƙarshen zamani da littafin Wahayin Yahaya ya ambata ce ta kawo ta ba, teburin cin abincin da za ta zauna da mutane ne. Bayan kwana biyu da na cike katin, wani daga majami'ar ya kira ni, ya yi kusan rabin awa yana sauraro bai katse ni ba. A gida, wanda baƙin ciki ya danne shi, abin da yake samu daga dattawan ikkilisiya sau da yawa bai wuce "ka yi haƙuri, ka ƙara addu'a" ba, in ya ci gaba da kuka sai a fara zargin bangaskiyarsa. A wannan fannin muna da abin koyo, kuma ba abin kunya ba ne.

Inda na rabu da su shi ne, sukan ɗauki tsoron da mutum ya zo da shi su hura masa wuta kafin su miƙa masa ruwa, kuma wanda ya saba da haka yakan zarce zuwa sa ranar tashin duniya. William Miller, wani mai wa'azi Ba'amurke, ya sa dubban mutane jiran dawowar Yesu a ranar 22 ga Oktoba, 1844, wasu ba su girbe gonakinsu ba, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping, mai gidan rediyon Family Radio, ya cika titunan Amurka da allunan talla cewa ranar shari'a ita ce 21 ga Mayu, 2011, da ta wuce ya mai da ita 21 ga Oktoba, daga baya ya amsa kuskurensa, amma waɗanda suka ƙarar da ajiyarsu wajen yaɗa saƙon ba wanda ya mayar musu. Abin mamaki shi ne a cikin wannan sura ta Matiyu da ake ta buɗewa, aya ta 36 ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'ikun sama. Mai wa'azinmu na Dalas ya karanta ayar da gudu, sannan ya ce shi bai sa rana ba, amma "lokacin" a fili yake ga mai ido. A ganina wannan sa rana ce da aka lulluɓe da mayafi.

Husufin nan ya tuna mini da na 29 ga Maris, 2006, wanda ya ratsa ta kan Katsina da hantsi. Duhu ya sauko har kaji suka nufi akurki, iska ta yi sanyi, yara suka fito suna dukan gwangwanaye, daga masallatan unguwa kuma aka tayar da sallar husufi. Inna ta tara mu a tsakar gida ta karanta mana Zabura 121, maƙwabcinmu da ya dawo daga masallaci ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Maman yara, kun ga ikon Allah?" Ta ce, "Mun gani, Malam." Rana ta fito, mai koko ta ci gaba da ciniki. An ji tsoro, an yi addu'a, amma ban ji wanda ya zana jadawali ba.

Dalilin, a tunanina, shi ne zancen ƙarshen zamani a ƙasar Hausa ba labari ba ne da wani zai zo ya firgita mutane da shi. Kullum yana bakin kowa: in yaro ya yi wa babba rashin kunya a ce ƙarshen zamani, in tiyar masara ta tashi a ce duniya ta zo ƙarshe. Musulmin da muka tashi tare sun san alamomin tashin ƙiyama tun daga makarantar allo, sun san Mahadi da Dujal da Yajuju da Majuju, sun kuma yarda Annabi Isa zai sauko, ko da yake abin da suka fahimta game da shi da aikin da zai zo yi ya bambanta da namu bambanci na gaske, wanda ba na son a shafe shi don neman daɗin baki. Tarihinmu ma ya ɗanɗana abin da wannan tsammani yake iya haifarwa. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ɗimbin jama'a suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas har Burmi, da yawa suna ganin zamani ya zo ƙarshe, kuma a 1906 an shafe garin Satiru bayan tawayen masu da'awar Mahadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa sai da ya fito fili ya ce shi ba Mahadi ba ne. Mai bisharar da ya tsaya a bakin kasuwar Katsina ya ce duniya za ta tashi bai faɗa wa kowa sabon abu ba, tambayar da za a yi masa ita ce me zai yi wa mutane kafin ta tashi.

Tsoron gida kuwa ba a allo ake nuna shi ba. Manomin Batsari ko Faskari da ba ya iya zuwa gonarsa sai da fargaba, da uwar da ɗanta yake cikin ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, da ma'aikacin da albashinsa ya narke bayan cire tallafin mai a 2023, babu wanda yake buƙatar a ƙara masa tsoro a cikinsu. Ba'amurken da ya ƙoshi yana iya sauraron labarin tsanani na shekara bakwai ya koma gida ya kunna na'urar sanyi ya kwanta. Wanda ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga, in aka ce masa wannan duk an rubuta kuma sai ƙara muni zai yi, abin da zai ji shi ne kada ya ƙara shuka, kada ya kai ƙara, kada ya tambayi wanda ya zaɓa. Manzo Bulus ya gamu da irin wannan a ikkilisiyar birnin Tasalonika, wasu suka ajiye aiki suna zaman jira, ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci abinci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wayar hannu ta rushe katangar da ke tsakanin Dalas da Katsina. Wa'azin da aka shirya don Ba'amurke mai kaɗaici, yanzu ana yanka shi guntu guntu, a ɗora masa muryar Hausa, a watsa shi a WhatsApp na matasan majami'a da na Zumuntar Mata, ba tare da teburin abincin ba, ba tare da mai kira ya saurare ka ba, tsoron kawai ake aikowa. Da aka matsa wa mutane su haɗa layin waya da lambar NIN, wani irin wannan saƙo ya kai ga goggona, ƙanwar mahaifina, cewa ɗaukar hoton yatsa da ba mutum lamba shi ne alamar dabbar nan mai 666. Ta ƙi zuwa, aka rufe mata layi, na yi makonni ba na jin muryarta sai ta wayar jikanta.

Da na same ta na ce, "Goggo, ai ni ma ina da irin wannan lamba a nan, ba ta hana ni zuwa sujada ba."

Ta ce, "Kai ɗan nan, ai daga can wajenku maganar ta fito. Baturen da kansa ya faɗa, na gan shi da Littafi a hannu."

Ban sami amsar da zan ba ta ba, domin gaskiya ta faɗa, daga wajenmu maganar ta fito, wataƙila ma daga irin ɗakin da na zauna dare biyu. Wanda ya warware matsalar faston ƙaramar majami'arsu ne, mutumin da bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ya je gidanta sau uku, ya zauna a tabarma ya karanta mata sura ta 13 ta Wahayin Yahaya da Hausa daga farko har ƙarshe, ya nuna mata cewa maganar a kan yi wa dabbar sujada take, ya ciro nasa katin daga aljihu ya ba ta ta jujjuya. A zuwa na huɗu ya goya ta a babur zuwa wurin rajista, ya tsaya tare da ita a layi har azahar.