Sikeli ba ya ganin ramar mai ciwon ƙoda

Tun 1989 wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa zaizayewar tsoka suna sarkofeniya, amma har 2024 masana na zaman daidaita ma'anarta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda wannan ja-in-ja ta zame mana uzuri a asibitocinmu. Tunda manya ba su gama magana ba, sai a ɗora majinyaci kan sikeli a sallame shi.

Kawuna yana zuwa wankin ƙoda. Duk zuwa sai an auna nauyinsa, kuma nauyin bai taɓa faɗuwa sosai ba. To ina zai faɗi, ƙafafu sun cika da ruwa? Amma agogonsa ya fara yawo a hannu, kafaɗunsa sun fito ta cikin riga, in ya ɗago daga sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Daga baya ya koma sallah a zaune. Ko layi ɗaya ba a rubuta a katinsa kan wannan ba. Haka abin yake ga mai ciwon hanta da cikinsa ya tara ruwa, da mai ciwon zuciya: ruwa yana ƙaruwa, tsoka tana narkewa, sikeli yana cewa lafiya lau.

Masu cewa sai an samu na'urar DEXA, mai auna yawan tsoka da ƙashi a jiki, kafin a tabbatar da cutar, su faɗa mana asibiti nawa ke da ita. Su kansu ƙwararrun Turai, da suka gyara ƙa'idarsu a 2018, ƙarfi suka sa a gaba. Namijin da ƙarfin damƙar hannunsa ya gaza kilo 27, ko mace kilo 16, ko wanda ya wuce daƙiƙa 15 bai tashi daga kujera sau biyar ba, an fara zargin cutar ke nan. Kujera da agogo kawai!

Ko waɗannan alƙaluman ma ina da ja a kansu. Na Asiya sun sa kilo 18 ga mace, domin jiki ya bambanta. Matar da ta yi shekara talatin tana daka da jan guga, kafin damƙarta ta sauko 16 ai ta riga ta yi asara mai yawa. Dole asibitocin koyarwa na Kano da Zariya su auna mutanenmu su fitar da namu ma'aunin. Kafin nan, duk ɗakin wankin ƙoda a ajiye kujera marar hannu, a gwada majinyaci duk wata, a rubuta a katinsa.