Wa zai rubuta tarihin masallacin unguwarmu?

Assalamu alaikum, jama'a. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Jiya bayan la'asar na zauna da dattawa uku a harabar masallacin unguwarmu, na ce musu, "Baba, don Allah wace shekara aka kafa masallacin nan?" Ɗaya ya ce zamanin Shagari ne. Na biyu ya ce a'a, Murtala na da rai aka kafa rumfar farko. Na ukun ya ce shi dai abin da ya riƙe, shekarar da aka yi wa masallacin rufin kwano ita ce shekarar da ya yi auren fari. Dukkansu da hannunsu aka kwaɓa ƙasar ginin. Wanda ya ba da filin ya rasu, limamin farko ya rasu, ladanin da muka tashi da muryarsa a kunne shi ma bara Allah ya yi masa rasuwa. Takarda ko ɗaya babu. Wallahi na koma gida raina a jagule.

Da dare sai Masallacin Sultan Bello ya faɗo mini a rai. Yau kowa na kallonsa a matsayin babban masallacin Kaduna, amma a cikin unguwa yake, Unguwar Sarki, a arewacin gari, kuma ginin zamani ne na farkon shekarun 1960, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello yake Firimiyan Jihar Arewa. Wurin da yake ma abin lura ne. A tsofaffin biranenmu masallacin Juma'a a ƙofar fada yake: na Kano yana jikin Gidan Rumfa, na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, yana kusa da gidan sarki. Kaduna kuwa ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Turawa ne suka kafa ta, suka maido hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, mutane suka yi ta zuwa aikin jirgin ƙasa da aikin soja da aikin ofis, kowa da garinsu. Masallacin da ya tashi a irin wannan gari bai gaji girma daga wata fada ba. Abin da aka yi a cikinsa ne ya ɗaga shi.

Kuma mun san abin da aka yi ɗin. Malam Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa, a nan ya zauna yana tafsiri da karatun littattafai, tun ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna yana ɗauka yana yaɗawa. Wanda ya girma a gidan da ake kunna rediyo da azumi ya san abin da nake faɗa. Mutum yana ƙauyen Katsina ko Maraɗi, bai taɓa taka Kaduna ba, amma sunan masallacin na bakinsa kamar a bayan gidansu yake. Wasu sun bi Malam, wasu sun yi masa raddi mai zafi, kuma daga wannan muhawara aka samu abubuwa da yawa da suka canza addini a Arewa, har da kafa Izala a Jos a 1978. Ko kana tare da shi ko ba ka tare da shi, ba ka isa ka ba da tarihin Musuluncin Arewa na ƙarnin da ya wuce ka tsallake wannan masallaci ba. Malam ya rasu a Landan a watan Satumba na 1992, Allah ya jiƙansa. Malam Lawal Abubakar ya ci gaba da tafsirin, daga baya ɗan Malam, Dakta Ahmad Gumi, ya hau kujerar.

Me ya sa na iya zayyano wannan duka, amma na kasa faɗin shekarar masallacin da nake salla biyar a cikinsa? Saboda an naɗi wancan a kaset, an buga a jarida, ɗalibai sun rubuta a kansa. Namu kuwa an bar shi a ƙirjin tsofaffi, su kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutumin da aka sa wa wancan masallaci sunansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, bai bar tarihin jihadi a bakin maroƙa ba. Da alƙalaminsa ya zauna ya rubuta Infaƙul Maisuri, shi ya sa har yau muke sanin wane ya yi me, a ina, kuma yaushe. Mutumin da ke fama da yaƙi da gina gari ya samu lokacin rubutu, mu da kowa ke da waya a aljihu mun kasa cika shafi biyu.

Kada wani ya ce ai don Allah aka yi, ba sai an rubuta ba. Na yarda, lada na wurin Allah, kuma wanda ya ce a sakaya sunansa sai a sakaya. Amma wakafi haƙƙi ne, yana da iyaka ta gabas da ta yamma. Sau nawa muka ji magada sun taso bayan rasuwar mahaifinsu sun ce filin aro ne aka bayar? Sau nawa rigimar limanci ta raba unguwa biyu saboda babu wanda ya san sharaɗin da mai filin ya gindaya? Ranar da masu rusau suka zo da jan fenti, "kowa ya sani" ba ta tsayar da katafila. Takarda ce ake tambaya.

Ga kuma yayin da ake yi yanzu na rushe tsohon gini a tayar da bene mai tayil da sola da na'urar sanyaya ɗaki. Ba na ƙin gyara, jama'a sun ƙaru, sahu har kan titi. Amma a ɗauki hoton tsohon ginin mana kafin a sa masa diga. A namu masallacin, tsohon mumbarin katako da wani kafinta ya yi sadaka da shi an fitar da shi waje lokacin gyara, ruwan damina biyu ya cinye shi, yau babu ko hotonsa.

Roƙona ga kwamitocin masallatai ƙarami ne. A sayi babban littafi mai bango, a rubuta wanda ya ba da fili, da shekarar, da iyakokinsa, da jerin limamai da na'ibai da ladanai, da shekarar da aka fara Juma'a in ana yi. Shaidu su sa hannu, mai unguwa ya sa, a yi kwafi a ajiye a gida biyu. Matasan da ke ɗaukar wa'azi suna sawa a Facebook, ku juya kyamarar nan ga tsofaffin sahun gaba na awa ɗaya kacal. Ku je wurin iyayenmu mata ma, su ne suka yi ta ɗebo ruwan gini, kuma sun fi maza riƙe shekaru, domin da haihuwar 'ya'yansu suke lissafi.

Ni dai na yi magana da Baban da ya ce Murtala na da rai, ya ce in same shi a zaurensa ranar Juma'a bayan an sauko. Ya haura tamanin, kuma ya ce akwai wata tsohuwa a bayan layinmu da ta girme shi, wadda a gabanta aka auna filin da igiya. Daga wurinsa can zan wuce, in Allah ya kai mu.