Biyu Bisa Biyar

Duk wanda ya ƙara kirana "Biyu Bisa Biyar" ban yafe ba, na faɗa tun yanzu.

Ranar Alhamis ce, an dawo daga kasuwar Maigatari, muna zaune gindin darbejiyar ƙofar masallaci muna jiran magariba. Sai ga ɗiyar yayana, wadda ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare bana, riƙe da littafin lissafi. Da a zaure ta same ni, da asirina ya rufu. Amma ai ni ne mai difloma, ni ake kawo wa takardar asibiti in karanta. Na ce ta miƙo nan, har da gyara zaman hula.

1/2 + 1/3.

Na ce wannan ai shan ruwa ne. Na sama da na sama, 2. Na ƙasa da na ƙasa, 5. Biyu bisa biyar! Da ƙarfi na faɗa, don na can gefe ma su amfana.

Ta ce, "Baffa, malaminmu ya ce sai na ƙasan sun zama iri ɗaya tukuna, a nemo LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da kowannensu zai iya rabawa ba saura." Na ce malaman zamani ke nan, a bar hanya a bi ta daji.

Liman, wanda ko ƙofar firamare bai taɓa leƙawa ba, ya tsayar da jan carbi.

"Ɗana, me ake tarawa?"

"Rabi da sulusi, Allah gafarta Malam."

"Aka samu?"

Na maimaita, amma murya ta fara sauka.

"Humusi biyu ke nan. To ai ko rabin bai kai ba. Ka zo da rabin tiya, aka ƙara maka sulusi, sai hatsin ya ragu? Ɓera ne a littafin?"

Ya sa hannu aljihu ya zaro goro shida, ya jera su kan buzu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jin daɗin abin. Ya ce asalin mas'ala shida ne, tunda shida tana rabuwa biyu, tana rabuwa uku. Ya ware uku: rabi. Ya ware biyu: sulusi. Ya haɗe su, ya ce in ƙirga. Ni, da gemuna, gaban yara masu tallar gyaɗa. Na ƙirga. Ya ce bai ji ba. Na sake: biyar. "Biyar cikin shida, saura sudusi," ya ɗaga guda ɗayan da ya rage. Mutumin da ya shekara talatin yana rabon gado, sumunin matar mamaci da sudusin uwa a bakinsa suke kamar Fatiha, shi na je yi wa burga. Yarinya ta yi tsalle ta ce wallahi shidan nan ita ce LCM ɗin.

Liman ban riƙe shi ba, malami ne. Wanda ya tsaya min a rai mai cajin waya ne. Kun san shi. Ya yi dariya har ya kwanta kan benci yana dukan ƙasa da silifa. Mutumin da nake bi naira 1,500 tun damina, cikon kuɗin taki! Washegari na je karɓar wayata na tuna masa. Wai zai biya rabi yau, sulusi gobe, kuma bisa lissafina 600 ke nan, ba 1,250 ba. Har kalkuleta ya danna ya nuna min. Shi da ya bar makaranta a aji huɗu, yau shi ne gwanin kaso. Ko 600 ɗin ma ban gani ba, kuma ya rubuta 2/5 da biro jikin takardar da yake manna wa wayata.

Yanzu sai na taka har bakin titi nake caji. Yarinyar kuwa ta daina kawo min aiki, wurin Liman take kaiwa. Goron nan guda, sudusin, ita ya ba. Ta kai wa kakarta.