Hawa na shida

Oga ne ya kafe sai lambar kowane hawa ta fito a adireshin IP ɗinsa, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok ɗin ofis, wai don ya riƙa ganewa da ido. Adireshi kuwa ba ma neman shi, 10.0.0.0/8 ce gaba ɗaya a hannunmu, wato adireshi 16,777,216, ko kujerun ofis aka raba wa sai ya yi saura. Lambar da ke bayan / ɗin nan ita ke nuna girman yanki, in ta ƙaru yankin ya ragu. Kowane reshe na yanka masa /16, hedkwata ta samu 10.5, kowane hawa /24, wato na'ura 254, lamba ta uku a adireshin kuma ita ce lambar hawan. Hawa na shida ne mai kyamarori da baƙi masu maƙale wa waifai, 254 ba za ta ɗauke su ba, sai na ce a ba su /22 su sha iska da 1022. Na rubuta 10.5.6.0/22 a allo, har da ja masa layi biyu. Oga ya gyaɗa kai.

Sai yaron nan mai koyon aiki ya ɗaga hannu. Ya ɗaga hannu fa, kamar a aji. "Yallaɓai, a gafarce ni, /22 ba ta farawa daga 6."

Na ce, "Ita ta gaya maka?"

Ya taso. Ya karɓi makar rubutu daga hannuna, hannu bibbiyu, da ladabi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce /22 tana haɗa /24 guda huɗu ne, dole ta fara daga lambar da 4 ke rabawa: 0, 4, 8. Don haka abin da na rubuta 10.5.4.0 ne a ɓoye, ya haɗiye hawa na huɗu da na biyar da na bakwai. Ya rubuta 255.255.252.0 a ƙasa, ya rufe makar, ya miƙo min. Na karɓa. Na ce bari mu gwada a rauta tukuna, na'urar da ke haɗa hawa da hawa a netwok, kamar rauta za ta ji kunyata. Ta ƙi, ta ce adireshin ya hau kan wani, kuma a babban allo kowa na kallo.

Yaron dai na yafe masa. Wadda ban yafe wa ba ita ce mutuniyar hawa na biyar, kun san ta. Ba a ma gayyace ta taron ba, caja ta shigo nema. Matar da ta taɓa kirana wai intanet ta mutu alhali soket ne a kashe, ita ce ta ce, "Au, Malam, ashe mu za ka haɗiye?" Har yau in muka haɗu a lif sai ta tambaya ko hawanta na nan. Ita ce kuma firintarta ke zaune a adireshin da wani ya liƙa mata da hannu tun kafin zuwana, ba ta yarda a taɓa.

Hawa na shida yanzu yana 10.5.8.0/22. Oga ya tambaya me ya sa takwas, na ce ya tambayi yaron.