Kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasan alfarma, zauna ka yi lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da karatu ko neman halali ya kai Ingila. Akwai wani yayi da ya fara shigo muku, na hawa jirgin ƙasan alfarma don cin abincin rana a ɗauki hoto. Gara mu yi maganarsa tun yanzu, kafin ya zama dole kamar yadda hotunan kafin aure suka zama a gida.

Wanda aka fi rububi shi ne British Pullman, mai tashi daga tashar Victoria a Landan. Gaskiya ba za a raina shi ba. Yawancin taragunsa an ƙera su ne tsakanin shekarun 1920 da 1930, kowanne da sunansa, irin su Audrey da Vera da Ibis. Bangon ciki katako ne da aka yi wa zane da hannu, kujerun masu laushi kamar na falon attajiri, ga fitila a kan tebur, ga ma'aikata cikin fararen kaya suna kai da kawowa. Kamfanin Belmond ne ke da shi, shi kuma Belmond tun 2019 ya koma hannun LVMH, masu jakunkunan Louis Vuitton. Mutanen da suka ƙware wajen sayar da suna da tsada ke nan, don haka ka san da wa kake ciniki.

Tafiyar cin abincin ranar ba ta kai ka ko'ina. Jirgin zai fita daga Victoria, ya zaga ƙauyukan Kent na kimanin awa 5, ya dawo ya sauke ka a inda ya ɗauke ka. Kujera ɗaya a mu ce fam 500, wani lokaci ƙasa kaɗan, wani lokaci sama. Kai da ka zo da bizar karatu, awa 20 doka ta yarda ka yi aiki a mako idan ana zangon karatu, mafi ƙarancin albashi kuwa a Afrilun 2025 an tsayar da shi fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21. Wato a kan wannan lissafi makonka kimanin fam 244 ne. Kujerarka kaɗai gumin mako biyu ne cur. Idan da amarya ne, wata guda ke nan na tsayuwa a sito ko ɗaga tsofaffi a gidan kula da su, a cinye tsakanin azahar da magariba. Ba a ma yi maganar kwat da takalmi ba, don ba sa son a shigo da wandon jins ko kambas.

Abin da ya fi damuna shi ne, wani kaso na kuɗin nan na abin da Musulmin cikinku ba za su taɓa ba ne. Kana zama za a tarbe ka da kofin shampen, sannan ga giyar da aka tanada don rakiyar abincin, duk an riga an sa a cikin tikiti. Ka ce ba ka sha, za su yi murmushi su kawo maka lemo, amma kada ka sa ran ragi. Haka abin yake a Blue Train da Rovos Rail na Afirka ta Kudu, masu zirga-zirga tsakanin Pretoria da Cape Town: kuɗin giya na cikin kuɗin tafiya. Kai ne ke biya wa na teburin gefe abin shansa. Ga kuma hadisin da ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zaga giya. A gidan abinci idan abin ya dame ka sai ka tashi ka fita. A cikin tarago ina za ka?

Sai shi kansa abincin. Madafar jirgi siririya ce, kuku biyu da ƙyar suke wuce juna, saboda haka abinci ne tsararre, kala biyar, abin da aka dafa wa kowa shi za a kawo maka. Farantin babba, abin da ke tsakiyarsa loma uku, an ɗiga masa miya a gefe kamar ado. Miyar nan ce abin lura, domin girkin Turawa na manyan wurare ya saba da zuba giya a cikin romon nama, har da kayan zaƙi. Idan ba ka sanar da su tun lokacin sayen tikiti cewa halal kake ci ba, ranar tafiya ta yi latti. Ko ka sanar, ka tambaya dalla-dalla, kada ka biya kuɗin nama ka ƙare da kifi da ganye.

Wani abin da mai ɗora bidiyo ba zai nuna maka ba shi ne lokaci. A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. Tafiyar da ta fara da tsakar rana za ta haɗiye azahar da la'asar da magariba, ga banɗaki ɗan tsukuku wurin alwala, babu inda za ka shimfiɗa darduma. Ƙarshen tafiyar kuma duhu ne, fuskarka kawai za ka riƙa gani a gilashin taga.

Ban ce haramun ne mutum ya ji daɗin kuɗinsa ba. Akwai wanda abin ya dace da shi: wanda ya biya haya da kuɗin makaranta, ya aika wa iyaye nasu, ya ajiye na ko-ta-kwana, kuma tsakaninsa da Allah yana son tsofaffin jirage, zai iya zama ya ƙura wa zanen katako ido ba tare da ya taɓa waya ba. Irin wannan, idan ya warware matsalar giya da salla, ya je. Amma mafi yawanmu mun san abin da ke kai mu. So ake a ɗora a Instagram, 'yan ajinmu na Kano da Zariya su ce wane ya haye. Wasu har da katin bashi suke biya, ruwa na hawa kan abincin da aka daɗe da narkarwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma hoton nan Hajiya za ta gani, ita da aka ce wa ta ƙara haƙuri wata mai zuwa.

Ƙannena mata, ku ma ku sassauta. Kada ki sa miji a gaba don ƙawarki an kai ta. Ba ki san ta ina kuɗin ya fito ba, ba ki san rigimar da aka yi a gida bayan an sauka ba.

Idan kallon ƙasa ta taga kuke so, jirgin kowa da kowa ya fi ba da shi. Ku hau na Leeds zuwa Carlisle, ku bi ta kan gadar Ribblehead mai baka 24 a tsakiyar tsaunuka. Ko na Glasgow zuwa Mallaig, ko na Exeter da ke bin bakin teku ta Dawlish, inda igiyar ruwa kan fantsamo wa taga idan iska ta taso. Katin rangwame na 'yan shekara 16 zuwa 25 yana zaftare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma ɗalibin da ya haura 25 ma yana iya samu idan karatu yake yi cikakke. Ku soya kaza a gida, ku cika fulas da shayi mai citta, ku sayi tikiti da wuri, ku zaɓi ranar bazara da rana ke kaiwa ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba.